Haƙoran ƙarfe a cikin fantekata

Jiya jikata ta zubar da kananzir a tsakar gida, warin ya dawo mini da surukina, uban mijina.

Shi ne ya jawo wata tsohuwar lorin soja zuwa ƙofar gidanmu a Mai Wurno. Ya kwance ƙaramin akwatin giyar da ke tura ƙarfi zuwa ƙafafun gaba, wanda in babu shi mota ba ta ƙetare taɓon damina. Fantekar aurena ya ɗauka ba tambaya, ya jiƙa haƙoran ƙarfen a ciki. Kowa ya raɓe shi, magana ɗaya ce: "Gusa, an tare mini haske."

Ina da cikin fari a lokacin, mijina yana noman auduga a Jazira. Ranar da ciwo ya taso, ungozoma ta ce sai asibitin Sinnar, ga hanya ta zama laka. Na dafa bango na je kansa. Kunyar suruki ta hana ni faɗin abin da ke damuna, sai na ce, "Baba, motar nan ba za ta tashi yau ba?"

Ya dubi cikina, ya dubi zufar goshina, ya ci gaba da goge haƙori da tsumma.

"Gusa, yarinya, kin tare mini haske."

Ɗan bai zo da rai ba. Motar kuwa ta tashi bayan an share makoki, har da guɗa.

Yanzu ana cewa a yafe wa mamaci. Ina ƙoƙari. Allah ya haskaka kabarinsa. Ni dai na gusa tun ranar.