Gwaggo Tabawa da Tukunyar Kunun Zaki a Malaz

Duk wanda ya yi zaman unguwar Malaz ta Riyadh tare da mu ya san Gwaggo Tabawa ba ta wuce tukunyar gas sai ta yi mata tofi. Kullum tukunyar a lulluɓe take da tsohon zane, wai kada ta ga mutane ranta ya ɓaci. Ta ce itace ta san shi, lantarki ma tana ganin wayarsa, amma wutar da aka ɗaure a cikin ƙarfe ranar da ta kwance ba mai fita.

Ƙanwar mahaifin maigidana ce. Maigidan nawa malamin asibiti ne a Riyadh, shi ya kawo ta ta yi min zaman jego da na haifi Hauwa. Ta tarar ba na iya cin komai sai kewar gida, ta ɗaura ɗamarar yi min kunun zaki. To kun san kunun zaki, sai da tafasasshen ruwa mai yawa ake dama ƙullinsa. Ga babbar tukunya, ga gas, ga Gwaggo ta rantse ba za a kunna shi ba.

Da dutsen guga ta fara. Ta kifa shi tsakanin bulo biyu ta ɗora tukunya, ta zauna da carbinta tun hantsi. Da la'asar na tsoma yatsa, ko wankan jariri ba zai yi ba. Na ce a hankali, “Gwaggo, ko na kunna gas ɗin ke kuma ki tsaya a waje?”

Ta ce, “Ke da kika yi yaƙi da jahilci, ashe bai mutu ba.”

Washegari ta sa aka kai ta kasuwar Dira. Mai shagon ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Larabci, amma ta yi ta ba shi labarin gero har ya gaji ya fito mata da hita, irin wadda ake tsomawa a ruwa. Ta ce guda ɗaya kaɗaici zai dame ta. Uku ta ɗauko.

Ranar farko da ta jona biyu, wutar benenmu ta ɗauke. Mai gidan, wani dattijo Abu Salim, ya hau ya gaya wa maigidana cewa in aka sake, mu nemi wani wuri. Gidan nan kuwa da sunan wurin aikinsa aka kama, ƙara ɗaya ta isa ta taɓa iƙamarsa, takardar zamanmu ke nan. Maigidana ya roƙi Gwaggo har da durƙusawa. Ta ce ta ji, laifin biyu ne, ba su daidaita ba.

Shi ya sa ranar Juma'a ta jona ukun.

Zafin Riyadh kuwa kun san shi. Gidan gaba ɗaya ya yi tsit, duk na'urorin sanyaya ɗaki suka mutu, sai kukan yara ta kowace taga. Abu Salim ya shigo yana gumi. Ya ga ƙatuwar tukunya da wayoyi uku a ciki, ya leƙa banɗaki ya ga dawa a kan jiƙaƙƙen buhu ta yi tsiro, ga ƙullin jiya ya fara tsami. Fuskarsa ta canza. Ya faɗi kalma ɗaya, maigidana ya jingina da bango. Giya yake zaton muna dafawa, a ƙasar da ba a wasa da wannan.

Aka fassara wa Gwaggo. Ta ɗebo kunun da ta lallaɓa ta dama jiya da hita ɗaya ta tace da safe, ta yi bismilla ta sha rabi, ta miƙa masa sauran. Ya ƙi karɓa. Ta ce, “Gaya masa na haifi kamarsa. Ya zauna.”

Wallahi sai ya zauna. Ya shinshina, ya kurɓa. Gwaggo ba ta tausayin citta da barkono, nan take ya hau tari, hawaye na zuba. Da ya sami numfashi ya ce wannan ba ya sa maye, sai dai ya fitar da shi. Ya shanye, ya miƙo kofin a ƙara.

Ba a kore mu ba. Ya turo mai gyara ya ja wa tukunyar wayarta daban, da sharaɗin hita ɗaya, da kuma kwano guda duk Juma'a don tsohuwarsa. Maigidana ya ce wa Gwaggo ta yi masa godiya. Ta ce, “Godiyar me? Kofi biyu ya sha, ko sannu da aiki bai ce ba.”

Bayan sun fita ta shigo ɗakina da nata kason, ta karɓi Hauwa ta goya, ta tsaya a kaina har na ga ƙasan kwanon. Ranar na fara yin barci mai daɗi a ƙasar nan.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya shayar da ita daga ruwan Alkausara. Amin.