Gadon da Ya Fi Ramatu Tsawo

Ban taɓa mantawa da ranar da na kama ɗamarar wandon shugabana na jawo shi daga cikin gadon jarirai ba. Shekaru da yawa na riƙe bakina domin ya roƙe ni, amma yanzu Allah ya yi masa rasuwa, ni kuma na aje aiki, kuma na san da yana nan da shi zai fara dariya. Ku da kuka shigo wannan sana'a kwanan nan, ku saurara.

A farkon shekarun saba'in ne aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Illela. Ni mataimakiya ce: ni ke tafasa allurai, ni ke gyara gadaje, ni ke riƙe yaro idan za a yi masa allura. Ba mu da lokotoro, wato cikakken likita, yana Konni, sai wata-wata yake zagayowa ya duba mu. Wanda ke riƙe da asibitin shi ake ce wa Majo, wato babban ma'aikacin jinya, kuma maganarsa ce doka. Namu sunansa Malam Isufu. Mutum ne mai tsabta, mai hannu a wajen neman jijiya, bai taɓa makara ba. Abu ɗaya ne ba a taɓa masa: gajere ne ƙwarai. Idan muka tsaya tare, hularsa ce ke kai kafaɗata, don ni kuma Allah ya yi ni doguwa. Shi ya sa idan zai yi mini faɗa sai ya ce in zauna tukuna.

Wannan shekarar wata ƙungiyar agaji ta aiko mana da gadajen jarirai na ƙarfe, wata motar siminti daga Malbaza ta sauke su a ƙofa. Farare ne, masu dogayen ƙafafu, da shingen ƙarfe ta kowane gefe wanda ba ya sauka ba ya buɗewa. Duk wanda ya ƙera su, matan ƙasarsu dogaye ne. Majo ya kafa doka: duk jaririn da aka sa wa ƙarin ruwa, a gado zai kwana, ba kan tabarma ba. Kuma yana da gaskiya. Da damina ɗakin yara cike yake da masu gudawa da amai, ƙasa ba ta rabuwa da ƙazanta, ga mata na kai da kawo, sau da yawa an taka igiyar ruwan an fizge allura.

Wata Laraba da hantsi aka kawo Ramatu daga wajen Bazaga a amalanken jaki, da ɗanta Bawa, ɗan wata bakwai. Sunan yaron kaɗai, irin wanda ake sa wa ɗan da na gabansa suka rasu, ya gaya mini labarinta, kuma daga baya ta tabbatar mini: yayyensa biyu duk gudawa ta ɗauke su kafin a yaye su. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, fatar cikinsa in ka tsunkula ba ta komawa. Mijinta ya aje su ya koma gona, ya ce zai dawo da la'asar.

Ga wanda bai sani ba, jariri irin wannan ba a samun jijiya a hannunsa. A kai ake nema. Na aske masa gefen kai, na riƙe shi, Majo ya duƙa ya yi ta lalube har gumi ya jiƙa masa riga, kafin allurar ta shiga. Muka liƙe ta da filasta, muka rataya kwalbar a sandar ƙarfe. Majo ya ce a ba shi nono ya yi barci, a sa shi a gado, sannan ya wuce wajen masu jiran magani.

To, Ramatu ma ba ta da tsawo. In ce ba ta da tsawo ma na yi mata kara. Da ta tsaya gaban gadon, ƙarfen shingen a ƙarƙashin haɓarta ya tsaya. Ta zauna ta shayar da Bawa har ya yi laushi, bakinsa ya saki nono. Ta miƙe a hankali, ni ina riƙe da igiyar ruwan. Ta ɗaga shi sama kamar mai ɗora ƙwarya bisa rumbu, ta yi ɗage, ta tura hannuwa cikin gadon. Nan hannuwan suka ƙare. Tsakanin bayan yaron da katifa akwai kusan taƙi guda, kuma babu abin da za ta ƙara. Ta tsaya haka tana rawar ƙafa har ta gaji, sannan ta sake shi. Ya faɗa tim, ya buɗe ido, ya tsala ihu, ya wurga kai, allura ta fita.

Aka kira Majo, ya sake nema, ya sake samu, ransa a ɓace. Na ce wannan karon ni zan kwantar da shi, tunda ni ko ɗage ba na yi. Amma Bawa ba wawa ba ne. Da zarar ya bar ƙirjin uwarsa ya ji warin magani a rigata sai ya farka. Dole dai ita ce za ta kai shi har katifa.

Na je bayan ɗaki na ɗauko bulo na aje mata ta taka. Da bulon ta samu tsawo, amma sai ƙarfen ya tokare mata ciki, ta sunkuya, nauyinta ya rinjaya gaba, ƙafafunta suka bar bulon suna lilo. Da ƙyar na cafko zanenta. Yaron ya sake farkawa, allura ta sake fita. Matan ɗakin suka fashe da dariya, wata tsohuwa tana cewa a sa uwar a gado a ba ɗan ya goya ta. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye muku ba, har na ce mata ta cika garaje.

Ramatu ta yi murmushi da farko, amma sai na ga ta ɗauki ɗanta ta goya, ta fara naɗe tabarmarta. Na tambaye ta ina za ta.

Ta ce, "Madam, sau biyu ana huda kan yaron nan, sau biyu ina yar da shi. In maigida ya zo, gida za mu. In tahiya ce, ya tahi bisa bayana."

Dariya ta tsaya a ɗakin. Na san abin da ke jiran Bawa a hanyar Bazaga ba tare da ruwan nan ba, kuma azahar ta riga ta wuce. Na ruga buro, wato ofishin Majo, na gaya masa.

Ya zo da sauri, yana gyara farar rigarsa. Ya saurare ni, ya dubi gadon, ya dubi Ramatu, sannan ya yi mana bayani cikin natsuwa cewa tsawo ba shi ne matsala ba, rashin sanin dabara ne. Ya ce a makarantarsu a Yamai an koya musu yadda ake kwantar da jariri: hannu ɗaya ƙarƙashin ƙeya, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ƙafafu su fara taɓa katifa, kai daga ƙarshe. Ya ce in ba shi matashin kai ya nuna mata.

Na ba shi. Ya rungume matashin kamar ɗa, ya matsa gaban gadon. A lokacin ne, ina jin, ya fara lura cewa shi da Ramatu kusan kai ɗaya suke, amma mata goma sha wani abu na kallonsa, babu komawa baya. Ya ƙi taka bulon. Ya yi ɗage, ya sunkuya, hannuwa ba su kai ba. Ya ƙara turawa. Alƙalaminsa ya faɗo daga aljihu, sai ma'aunin zafi, sai hula. Ya yi wani ɗan tsalle don ya cike abin da ya rage, kuma tsallen ya yi yawa. Kansa ya nutse cikin katifa, takalmansa suka tashi sama, ƙarfen ya maƙale masa a ƙugu. Daga cikin gadon na ji murya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Hadiza."

Na kama ɗamararsa da hannu biyu na jawo shi ya dira. Babu wadda ta yi ko tari. Tsohuwar nan ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Majo ya tsaya yana numfashi, ba hula, fuskarsa sharkaf.

Ramatu ta leƙa gadon ta tsakanin ƙarafa, ta ce da ladabi, "Sannu, Likita. Matashin dai bai yi kuka ba."

Na ɗauka ranar za a kore mu duka. Majo ya dube ta. Sai kawai ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya ce in je wajen babur ɗinsa in kawo masa sufana. Na tuna masa cewa gadon kayan gwamnati ne, kuma lokotoro zai tambaya. Ya ce shi za a tambaya, ba ni ba. Ya durƙusa da farar rigarsa ya kwance ƙusoshin gefe guda, muka cire shingen muka jingine a bango. Ya sa aka kawo kujerar da yake zama a buro aka aje a gefen da ya buɗe.

Ya ce wa Ramatu, "Uwar Bawa, ki yi mini haƙuri in huda shi sau ɗaya tak. Daga nan ke ce shingen wannan gefen. Ba ki tashi sai Hadiza ta zauna madadinki."

Sai ta kwance goyon.

Allura ta shiga a karo na uku. Abin da ya biyo baya kuwa ba Majo ya koya mata ba, mu ne muka tsaya muna koyo. Ta shimfiɗa majanyinta a kan katifar tun da ɗuminta a jiki, don kada sanyin robar katifar ya taɓa shi. Ta shayar da shi, ta jira, ta ɗaga hannunsa ta saki ta ga ya faɗi ba ƙarfi. Sannan ta miƙe ta kwantar da shi tare da ƙirjinta, ba ta raba jikinta da nasa ba har sai da bayansa ya zauna a katifa. Ta zare hannun ƙasa kaɗan-kaɗan, ta bar ɗayan a kan cikinsa, ta zauna. Bawa ya yi ajiyar zuciya ya ci gaba da barci. Ruwa na ɗiga a kwalba.

Da la'asar mijin ya zo ya tsaya a taga. Ba ta ko tashi ba, da hannu ta yi masa alama ya koma, kuma ya hana jakinsa kuka. Kwana uku suka yi. Ranar da aka sallame su Bawa yana jan ɗankunnen uwarsa yana gwalan-gwalan.

Da lokotoro ya zo ƙarshen wata ya ga gado ba gefe, ya tambaya ko ya karye ne. Majo ya ce bai karye ba, an gwada ne an ga ya fi ƙarfin iyaye mata, har da wasu daga cikin ma'aikata. Lokotoro ya dube shi daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba, ya ce a cire wa sauran gadajen ma.

Na yi shekaru da yawa a aiki bayan nan, kuma na ji ma'aikata suna cewa matan ƙauye taurin kai gare su, ba sa bin umarni. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa mace ta ji, ta yarda, ta gwada iya ƙarfinta, hannunta ne bai kai ba, kuma kunya ba za ta bari ta faɗa ba sai dai ta naɗe tabarma. Dokar Majo daidai take, gadon ma ba laifinsa, sai dai babu wanda ya gwada su da jikin wadda za ta yi aiki da su, sai ranar da shi ya gwada da nasa. Kuma da ya ji kunya, bai huce a kan kowa ba, sufana ya nema. Tun daga ranar, kafin in yi wa uwa faɗa a kan abin da ta kasa, sai in je inda take tsaye, in rage tsawona, in gwada yi da kaina.