Baba Mai Tsani da Tattabarun Maƙwabci

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofa, Baba Mai Tsani ya riga ya ɗaure tsaninsa a kan motar aiki, ya naɗe gwiwoyinsa da bandeji, ya kama hanya. Ba shi ke haɗa wa mutane intanet ba. Masu haɗawa daban suke, samari ne masu hular kwano da rigar kamfani, su ake yi wa godiya. Shi nasa aikin ya riga su zuwa da kwana guda: ya duba falwayar da za a jawo waya daga kanta, ya sare reshen da ya tare hanya, ya kafa ƙarfen da za a rataya wayar a bango, ya nuna inda za a huda. In ya ce gida ya shirya, a zo. In ya ce bai shirya ba, mutum ya koma ƙarshen layi, sai ya share watanni yana jira.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwa ta ce ta gaji, likita kuma ya goya mata baya. Kafin ya sauke tsanin nan, bari a faɗi abin da ya faru a gidan Auta, tunda a gaban mutane aka yi shi.

Auta ita kaɗai ta rage a gida tare da Inna, mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ofishinsu sun yarda ta riƙa aiki daga gida, amma da sharaɗi: layin intanet ya fara aiki kafin makon ya fita, ko ta dawo kan teburinta, ko a bai wa wani kujerar. Komawa ofis kuwa barin Inna ne tun safe har yamma, matar da ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta.

Da Baba ya yi sallama, Auta ta riga ta janye kabad, ta share lungu, ta kwashe tukwanen furanni daga jikin bango.

Inna ta hango shi daga kan gado ta ce, "Auta, wannan tsohon ne zai kawo mana zamanin?"

"Inna, zamani sai gobe," in ji Baba. "Ni hanya aka aiko ni in share masa."

Ya ƙwanƙwasa bango, ya gwada soket, ya ce ba za a huda ta wajen gadon Inna ba saboda ƙura, a yi ta falo. Komai na tafiya daidai, har Auta ta fara sakin numfashi. Sai ya fita tsakar gida, ya ɗaga kai ya kalli falwaya, ya kalli bango, ya sake kallon falwaya.

"Baba, lafiya?"

"Gidan nan na kusa, na waye?"

Gidan Mai Tattabaru ne, tsohon direba mai saurin hawa. Tun ranar da tsuntsayensa suka ɓata zannuwan Inna a kan igiyar shanya, Auta ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce sai ta ga an yanka su ɗaya bayan ɗaya, ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

"Wayar ta saman gidansa za ta ratsa," in ji Baba. "Sai ya yarda."

"Haba Baba, sama ce fa! Sama ta waye?"

"Saman gidansa tasa ce, 'yata."

"Don Allah ka ce musu mun shirya kawai. Siririyar waya ce, ko gani ba zai yi ba."

"Zai gani. Gobe ya fito ya ce a'a, samarin nan su naɗe wayarsu su tafi. Ko su ja ta a haka, jibi ki tashi ki tarar an datse ta. Na ga an yi."

Hawaye ya cika mata ido. Wani ma'aikacin da a nan zai ɗaga kafaɗa, ya ce ki je ki sasanta da maƙwabcinki sannan ki neme mu. Kai ne, Baba, ka ajiye jakarka, ka ce mata ta biyo ka, ka je ka buga ƙofar da ba aikinka ba ne bugawa.

Mai Tattabaru ya leƙo, ya ga Auta a bayan baƙo, ya haɗe fuska.

"An zo yankan ne? Ina wuƙar?"

Baba ya yi masa bayani a tsanake. Bai gama ba mutumin ya katse shi.

"Ko zaren ɗinki ba zai ratsa nan ba. Irin wayar nan ce ta karya mini fiffiken uwar garke. Ba sa ganinta sai sun buga."

"Zan iya ganin uwar garken?"

Mutumin ya yi turus, don ba abin da ya yi zaton ji ke nan ba. Ya shiga ya fito da wata farar tattabara, fiffikenta ɗaya a saluɓe. Baba ya daɗe yana kallonta.

"Gaskiyarka," ya ce. "To malam, ni hanyar waya na sani, hanyarsu kai ka sani. Sake su mu gani."

Mai Tattabaru ya buɗe akurki, ya tafa hannu. Garken ya tashi fuuu, ya yi ƙasa-ƙasa ta kan katanga, daidai inda wayar za ta bi. Suka kewayo, suka sake bi ta nan. Auta ta dafe bango. Shi ke nan, ta faɗa a ranta, aiki ya tafi.

"Can gefen tankin ruwa fa?" in ji Baba. "Ban ga ko ɗaya ta bi ba."

"Ba sa bi. Mage ta taɓa laɓe musu a can, har yau ba su manta ba." Ya yi ɗan tsaki. "In ta can ne, ba ruwana."

Sai dai ta can ɗin akwai magana. Kafin waya ta bi gefen tanki, dole a kafa ƙarfen a can ƙololuwar bangon Auta, dab da rufi, inda tsani ke ƙarewa. Likita kuwa ya hana Baba wuce tsayin taga. Baba ya kira ofis ya nemi a turo masa matashi, aka ce babu kowa sai mako mai zuwa.

Ya kashe waya, ya sunkuya ya ƙara ɗaure bandeji.

"Baba, bari," in ji Auta. Ita kanta ba ta san ko so take ya bari ba.

"Riƙe mini ƙasan tsanin."

Wurin gangare ne, ga lambatu a gefe. Yana kai rabi, ƙafar tsani ɗaya ta zame. Auta ta ƙwalla ƙara, ta rungume tsanin da duk ƙarfinta, amma yana ci gaba da ja. Sai ji ta yi an ture ta gefe.

"Matsa, yarinya! Tsani ba igiyar shanya ba ce."

Mai Tattabaru ne. Ya take ƙasan da ƙafa, ya danne da ƙirji. Baba ya ci gaba da hawa, ya kai ƙarshe, injin huda ya fara ƙara. Can sai ƙarar ta ɗauke. Gwiwa ta riƙe. Yana tsaye a sama, goshinsa a jikin bango, ba ya iya gaba, ba ya iya baya. Masu wucewa suka tsaya cirko-cirko.

"Auta!" Muryar Inna daga ɗaki. "Me ya faru kuka yi shiru?"



"Tsoho," in ji Mai Tattabaru a hankali, "in ka faɗo a kaina za ka faɗo, ni kuma ban shirya ba."

Aka jiyo dariyar Baba daga sama, 'yar gajeriya. Ya numfasa, ya miƙe ƙafar sannu-sannu, injin ya sake tashi. Da ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya sauko, a ƙasa ya zauna dirshan, gumi na ɗiga daga gemunsa. An daɗe kafin ya iya tashi.

Washegari samarin suka zo. Babbansu ya ɗaga kai ya ga inda ƙarfen yake, ya tambayi wa ya hau can, aka faɗa masa, ya girgiza kai kawai. Suka jawo waya ta gefen tanki, suka huda falo, suka jona na'ura. Auta ta durƙusa a gabanta tana kallon 'yar fitilar da ke ƙiftawa ja, ja, ja. Sai ta koma kore. A lokacin Baba yana wata unguwa, yana duba wani bangon.

Kai ne ka ƙi yi mata ƙaryar da ta roƙe ka da hawaye, sannan ka ƙi barinta da gaskiyar ita kaɗai. Kai ne ka ɗauki fiffiken tsuntsu da aikin mai jinyar uwa, ka ƙi zubar da ko ɗaya. Da yawa daga cikin gidajen da ka shirya ba su ma san fuskarka ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ka huta cikin 'ya'ya da jikoki. Ku kuma matasan da za ku gaji motarsa, kada ku tsaya a koyon huda bango. Ku koyi buga ƙofar maƙwabci, ku tsaya ku ji abin da yake tsoro.

Auta na nan a kan aikinta. Teburinta na bakin ƙofar ɗakin Inna, kuma duk sanda tsohuwar ta kira, kafin ta rufe baki an amsa.