Hannun da ke duba hantar layya

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Issufu, likitan dabbobi a Damagaram. Ciwon dajin hanta ne ya ɗauke shi, shi da ya ƙare rayuwarsa yana duba hantar dabbobi a mahauta.

A unguwarmu ta Kara-Kara, ranar layya ba mai ɗora hanta a wuta sai ya gani. Maƙwabta su jera faranti a zaure, ya latsa da yatsa, ya tsaga, ya ce wannan a ci, waccan a binne. Nakan tsokane shi in ce ni bai taɓa kallona da irin wannan natsuwa ba. Yanzu ranar layya ni kaɗai nake share zauren, ba mai sallama.

Mai irin wannan hannu ya san abin da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa. Ya sani, ya yi shiru wata da watanni yana cewa gyambon ciki ne, sai da idanunsa suka yi ruwan ɗorawa muka je asibiti. Na daɗe ina jin haushinsa.

Kwanan baya 'yarmu Hadiza, mai karatun likita a Yamai, ta kira ni. Ta ce masu bincike na gwada wata dabara a jikin dabbobi: a toshe jijiyar da ke kai jini ga ƙarin dajin da ke hanta, sannan a tura masa wata ƙwayar cuta da aka sarrafa, ta far masa ta ƙyale lafiyayyen nama. Da maigidana yana nan, da bai bar ta ta kashe waya ba. Sai ya tambayi wace dabba ce, yaya launin hantar, wa ke ba su abinci.

Ni tambaya ɗaya na yi mata: da ya faɗa da wuri, da wannan ya cece shi?

"Inna, har yanzu gwaji ake yi. Ko ya faɗa, da bai riske shi ba."

Na zaci zan ji sanyi a raina, ban ji ba. Hadiza ta gaji hannunsa, mahauta na ambatonsa da alheri, ni ma na yafe masa, Allah ya jiƙansa. Amma ashe ba magani nake yi wa kuka ba. Watannin nan ne da ya ɗauki abin shi kaɗai, ina gefensa ina yi masa faɗa don bai cinye tuwonsa ba.