Yaya Abakar, wanda ya nuna mana hanyoyin Gera

Da safen nan labarin ya same ni.

Ina cikin buɗe shago a unguwar Pari-Kongo wayata ta yi ƙara, na ga lambar Yaya Abakar. Na amsa ina dariya, don na zaci tsiya zai yi mini a kan fashin fita keke da na yi ranar Lahadi. Sai na ji muryar ƙaninsa. Ya ce, "Alhaji Sani, sai haƙuri. Yaya ya cika bayan sallar asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan bandir ɗin yadi.

Masu bin shafin nan kun san shi ko ba ku san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai jar hular kwano da ke tsayawa can baya a duk hotunanmu na keke. Malamin labarin ƙasa ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a unguwar Kabalai. Haifaffen unguwar Sabangali ne.

Ni baƙo ne a garin nan na Njamena. Daga Azare na zo da fataucin yadi, na zauna. Da hawan jini ya kama ni, likita ya ce ko dai in motsa jiki ko in shirya kwanciya. Na sayi keke ina jin kunya. Mutum da tumbinsa da furfurarsa, kuma ana ce masa Alhaji.

Fitata ta farko, a bakin kogin Shari, ƙafar wandona ta shige cikin sarƙa. Ina tsaye ina fama ina ƙunƙuni, sai wani ya tsaya ya gaishe ni da Larabci. Da ya ji abin da nake faɗa a ƙasan maƙoshi, ya juya harshe.

"Ashe ɗan'uwa ne. Tsaya, kada ka ja, yagewa zai yi."

Ya durƙusa ya juya feda baya, wandon ya fita. Ya ciro wani ɗan kyauro daga aljihu ya ɗaure mini ƙafar wandon, ya ce, "Kalas, shi ke nan. Gobe ka zo da wanda bai kai wannan tsada ba."

Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabcin nan. Wasu kalmomin rabona da jin su tun kakata tana da rai.

Daga nan ya sa ni a group ɗinsu na masu hawan keke.

Kun san Njamena, a shimfiɗe take kamar faranti. Kullum yakan ce mana nan wasa muke yi, keke yana can yankin Gera mai duwatsu. Idan ruwa ya ɗauke aka samu hutun makaranta, sai mu ɗaure kekuna a saman mota mu yini a hanya zuwa Mongo, babban garin yankin.

Can ne na san bambancin kwalta da burji. Hanya ta bi ta tsakanin duwatsu manya-manya da suka hau kan juna. Nan tsakuwa, can jar ƙasa mai kwararrab, gaba kaɗan busasshen rafi da yashinsa zai haɗiye maka taya. Ƙaya kuwa ba a magana. Akwai ranar da muka yi faci har gam ya ƙare.

Duk hanyoyin da muke bi tsakanin Mongo da Bitkin shi ya gano su. Ya san inda rijiya take, ya san gangarar da za ka matse birki tun daga sama, ya san ƙauyen da ake samun shayi mai kyau.

Yana da ƙa'idojinsa. In za a shiga ƙauye, kowa ya sauka ya tura kekensa, a yi sallama. In ka ga mace da jaki ɗauke da ruwa, ka tsaya ta wuce. Kuma ba a barin na ƙarshe shi kaɗai.

Na ƙarshen nan kullum ni ne.

A kowane hawa sai numfashina ya ƙare in sauka in tura. Shi ma sai ya sauka, ya ce wai gwiwarsa ce ta motsa. Mutumin da na sha gani ya haye dutsen nan yana hira. Bai taɓa nuna mini don ni ya sauka ba, ni ma ban taɓa nuna masa na gane ba.

A tafiyata ta biyu na tambaye shi abin da ya kawo ɗan Sabangali cikin waɗannan duwatsu. Muna zaune a inuwa muna cin dabino. Ya ce kakarsa yake nema.

Kakanninsa daga ƙasar Haɗeja suka taso da ƙafa za su Makka. Kakarsa Binta tana da ciki. A gindin wani dutse a Gera ta haihu, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Kakan ya kasa ci gaba da jariri a hannu, ya juyo ya zauna a Njamena har ƙarshen ransa. Jaririn shi ne mahaifin Yaya Abakar, Malam Cindo, wanda yanzu ya tsufa, ido ya tafi.

Tsohon bai san sunan ƙauyen ba. Abin da aka gaya masa kawai, ƙauye ne tsakanin duwatsu biyu, da rijiya a ƙarƙashin tsamiya. A Gera kuwa ƙauyuka nawa ne haka?

Shekara da shekaru Yaya Abakar yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wuraren da mota ba ta shiga. Ashe hanyoyin da muke jin daɗi muna ɗaukar hoto, sawun nemansa ne.

Allah ya sa ina wurin ranar da aka dace.

Mun sauko wata doguwar gangara mai tsakuwa, hannuna har ya sage saboda riƙon birki. Muka shiga wani ɗan ƙauye muna ture da kekuna. Bayan an ba mu ruwa, ya yi tambayar da ya saba yi: ko akwai wanda ya taɓa jin labarin wata mahajjaciya da ta haihu ta rasu a nan?

Dattawan suka dubi juna, suka aika aka kira wata tsohuwa. Ta zo tana dogara sanda, ta zauna a bakin tabarma.

Larabcina na kasuwa ne, amma na fahimci abin da ta ce. Ta ce tana ƙarama aka yi abin. Mahaifiyarta na goyon ƙaninta a lokacin, ita ta shayar da jaririn har ya yi ƙwari, sannan uban ya tafi da shi.

Yaya Abakar bai yi zumuɗi ba, don ya sha jin labarai masu kama da wannan. Ya tambaye ta a hankali ko ta tuna wani abu game da yaron.

Ta ɗaga hannunta na hagu, ta taɓa gefen ƙaramin yatsa. Ta ce yana da ɗan yatsa na shida a nan, su yara har tsoron taɓa shi suke yi.

Ya cire hular kwanonsa ya ajiye a ƙasa. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce mini, "Alhaji, wannan gwaggona ce. Nono ɗaya suka sha da Baba."

Aka kai mu bayan gari, wurin wasu duwatsu da aka jera. Muka yi wa Binta addu'a.

Babu network a ƙauyen. Sai da muka riƙe tsohuwar muka hau da ita wani fa, sannan waya ta shiga. Ya kira Malam Cindo, ya kara mata a kunne. Ba su san juna ba, amma sun daɗe suna magana. Na ji tana ta maimaita, "Afe? Inta afe?" wato tana tambayarsa ko yana lafiya. Mu dai muka koma gefe muka ba su wuri.

Tun daga ranar, bai taɓa zuwa Gera bai kai mata sukari da ganyen shayi ba. A bayan kekensa yake ɗaure su, ya hau dutse da su.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi tun cikin damina. Bai so a yi ta yayatawa, shi ya sa ban taɓa rubutawa a nan ba.

Ganina da shi na ƙarshe, makonni kaɗan da suka wuce, a gidansu. Yana zaune a ƙarƙashin darbejiya, ƙafafunsa sun kumbura. Kafin in tambaye shi jiki ya riga ni: "Ya jinin naka? Kana shan maganin?"

Ya sa na turo kekena gabansa. Ya matsa birkin baya, ya girgiza kai. "Wannan ba zai sauko da kai daga Gera ba. Ka canza shi."

Na ce ai sai ya warke mu tafi tare.

Ya ce, "Kada ku jira ni, ya akhui, ɗan'uwana. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Ku tafi."

Na ce to, don kada in ja magana. Ya lallaɓa ya raka ni har bakin ƙofa, duk da na hana shi.

Ɗazu na je gidan. Malam Cindo yana zaune a zaure ana ta shigowa gaisuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya riƙe hannuna ya tambayi ko wane ne. Na faɗa masa.

Ya ce, "Kai ne na Azare? Abakar ya ba ni labarinka. Ya ce duk cikinsu kai ne ka fi kowa nawa a hawan dutse, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa yarda an sa ka a mota ba."

Ban san ya lura ba. A nan ne hawayen da na riƙe tun safe suka zubo.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansu a Sabangali. Ya bar mahaifinsa, da matarsa, da 'ya'ya.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Abakar, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka haɗa shi da magabatansa a Aljanna. Ka ba Baba da iyalinsa juriyar wannan rashi.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka sa shi a addu'arka.