Mai-agogo: Makahon Da Ya Koya Mini Gudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ina tsakiyar yanka wuyan wata riga 'yarka ta kira ni a waya ta ce Allah Ya karɓi abinSa. Kwana shida ka yi a asibiti da ciwon huhu, kana da shekara sittin da huɗu a duniya. Na ajiye almakashi na zauna a kan kujerar keken ɗinki, sai ita ce ta koma tana ba ni haƙuri.

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne ya raba shagona da naka. Kai kana gyaran agogo, ni ina ɗinki. Duk layin Mai-agogo suke ce maka, ni kaɗai nake ce maka Yaya, domin ka girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma ka riƙe girman. Kai kuwa ba ka taɓa wahalar da bakinka da sunana ba, Tela kawai. Na ɗauki alƙalami ne da niyyar kuka, amma duk abin da na tuna game da kai sai in tarar ina murmushi. To, haka zan rubuta shi, don haka ka rayu.

Sai dai ba zan ɓoye wata takwas ɗin nan da ka yi a ɗaki bayan ka makance ba. Hawan jinin ido ya fara cin na hagu, bayan shekara biyu ya bi na dama. Mutumin da yake ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba da matsefata, ya wayi gari ba ya ganin tafin hannunsa. Ka kulle shago ka shige ɗaki, ka juya wa ƙofa baya. Ina zuwa duba ka duk mako, in yi ta zuba kamar rediyo, amsarka ba ta wuce "to" da "madalla". Maiɗakinka ta rame ta fi ka.

Wata rana na tarar da 'yarka, ma'aikaciyar jinya, ta zo gida. Ta dubi tumbina, ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura mini a dantse, ta haɗe fuska. Mako na zagayowa sai ga ta da takarda: jadawalin koyon gudu na mako goma sha biyu, daga minti ɗaya ana sassarfa minti biyu ana tafiya, har mutum ya iya kilomita goma. Ta ce don ni ta kawo shi, ta tsaya a tsakiyar ɗakinka ta karanta mini shi da ƙarfi, layi bayan layi. Kafin ta kai mako na huɗu na ji gado ya motsa.

"Tela ba zai iya ba," ka ce, fuskarka na bango. "Mutumin da alƙawarinsa na Litinin yake cika ran Asabar, ina ya san minti ɗaya?"

Na ce to, tunda ga gwani a kwance, ya tashi ya nuna mini. Sai ka ce za ka riƙe mini lokaci na mako ɗaya, don kada in mutu in bar iyali. Sai da aka yi shekara 'yarka ta gaya mini da gangan ta karanta takardar a ɗakin. Ashe ni ina ganin taimakonka nake yi, kai kana ganin taimakona kake yi, ita kuwa tana gefe tana mana dariya.

Na ɗinka mana igiya da ragowar yadi, tsawonta bai kai kamu biyu ba, da zobe a kowane baki don zura hannu. Muna fita da sassafe sau uku a mako, mu bi titin bayan shagunanmu zuwa filin ƙwallo, mu zagaya mu dawo. Aikina in faɗi abin da ke gaba: rami, tudu, babur, akuya. Aikinka ka ƙirga lokaci da ka. Na sha gwada ka da agogon wayata a ɓoye, ban taɓa kama ka da kuskuren da ya wuce daƙiƙa biyu ba. Idan numfashi ya ƙare mini na ce ai minti ya cika, sai ka ce saura ashirin, in ji tsoron Allah. Ni kuwa a nawa aikin, ranar farko na ce hagu alhali dama nake nufi, muka rungumi teburin mai sayar da lemo mu biyu. Kana durƙushe kana laluben lemo a ƙasa na ji ka fashe da dariya, dariyar da layinmu ya yi wata takwas bai ji ba. Mai lemon da ya taso da faɗa, shi ma ya ƙare da dariya, kuma tun daga ranar idan ya hango mu sai ya janye teburinsa ya ce ga jirgi nan tafe.

Mako na uku sau biyar muka maimaita shi, kuma laifin ƙafafuna ne. Ƙwaurina ya yi ta zogi, gwiwa ta kumbura, na ce wannan takarda ba ta masu tumbi ba ce. Ba ka yi mini wa'azi ba. Cewa ka yi agogon da ke latti ba a jefar da shi, saiti ake yi masa, ka sa muka koma baya muka sake ɗaukowa a hankali. A wannan tsakanin ne ka nemi makullin shagonka. Ka fara da sayar da batir da maɗaurin agogo, kana sa su da lalube, daga baya mutane suka koma kawo maka agogon bango, ka kara shi a kunne ka faɗi abin da ke damunsa.

A mako na bakwai na yi maka abin da har yau nake jin kunyarsa. Muna cikin gudu na hango wata mata da na riƙe wa ɗinki fiye da wata guda. Na kawar da kai don kada mu haɗa ido, na manta da kwatar da ke bakin kwana. Ban ce komai ba, kai kuwa ka yarda da shiruna kamar yadda ka saba. Ka faɗa ciki, tsintsiyar hannunka ta karye, haɓarka ta fashe. Na kai ka asibiti, aka yi ɗori, na mayar da kai gida, daga nan na ɗauke ƙafa. Mako biyar ina aika gaisuwa ta bakin matata. Na ce a raina, makaho ya ba ni amanar ƙafarsa na jefa shi kwata saboda tsoron mai riga, da wane ido zan dube shi?

Ranar wata Talata ina kan keke sai inuwa ta tare mini haske. Na ɗaga kai, ga ka tsaye, hannu a rataye a wuya, maiɗakinka na riƙe da gefen rigarka.

"Tela," ka ce, "ni na faɗa kwata na fito a ranar. Kai mako biyar ke nan kana ciki. Yaushe za ka fito?"

Na fara ba da haƙuri. Ka katse ni, ka ce ka yafe tun kafin a gama ɗorin, amma da sharaɗi biyu: in gama wa baiwar Allah rigarta a ranar, kuma daga yau idan zan ɓuya wa mai kaya in ce "kwastoma" kamar yadda nake cewa "rami", don ka san abin da ke tafe. Maiɗakinka ta toshe baki da mayafi. Na gama rigar kafin la'asar.

Da aka kwance ɗorin muka koma mako na biyu. Sai ruwan sama ya sako mu gaba, filin ƙwallo ya zama fadama, muka yi ta fashi. Tseren kilomita goma da muka sa wa rai ya zo muna mako na tara. Ka dage sai mun shiga, 'yarka ta ce ba da yawunta ba, ka yi kwana biyu kana fushi da ita. Ranar tseren kuma ka ce in kai ka bakin titi. Muka tsaya kana sauraren takun mutane, kana cewa wannan ya fara da gaggawa ba zai kai ba, wancan takalminsa ya yi masa yawa, waccan kuwa ta san abin da take yi. A hanyar dawowa ka sa na kira 'yarka, ka ce mata ta fi ka gaskiya. Bayan nan zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu, kai ma haƙori ya hana ka sakat. Takardar da aka rubuta don mako goma sha biyu sai da ta ci mana wata goma sha biyar, ta yi laushi a aljihuna har na yi mata bango da leda.

Tsere na gaba ya faɗo ranar Asabar da safe. Mutane sun fi ɗari huɗu. Ka sa farar riga da na ɗinka maka, ka ce in gaya maka gaskiya ko ta yi maka kyau, don ba ka yarda da tela a kan aikinsa ba. Mun tafi lafiya har kilomita bakwai, a nan ƙafafuna suka ce sun gama. Na rage gudu, na ce Yaya, ba zan iya ba. Ba ka ja ni ba, ba ka yi mini tsawa ba. A hankali ka ce, "Ni ban san hanya ba, Tela. In ka tsaya na tsaya." Ban san daga inda ƙarfin ya zo ba, amma ban tsaya ba.

Da muka shigo layin ƙarshe, titi ya miƙe sambal, babu kowa a gabanmu don kusan kowa ya riga ya isa. 'Yarka tana can bakin layi tana kiran Baba, Baba. Ka tambaye ni ko akwai wani abu a gaba. Na duba da kyau, na sake dubawa, na ce babu. Ka ce, "To, sake ni."

Na saki igiyar. Yaya, na ga abubuwa a rayuwata, amma ban ga abin da ya kai wannan ba: dattijo makaho, hannuwa a sake, haɓa a sama, yana gudu shi kaɗai zuwa ga muryar 'yarsa, bakinsa har kunne. Mutanen da suka fara watsewa suka juyo suna tafi. Ka faɗa hannunta, maiɗakinka na gefe tana kuka tana dariya, kuma kafin mai riƙe da agogo ya buɗe baki ka ce masa awa ɗaya da minti talatin da ɗaya. Ya duba, ya dube ka, ya sake dubawa. Mutum biyu kawai muka riga, ɗayansu ma tsayawa ya yi amsa waya. Amma ni ka riga ni da taku goma sha biyu, kuma shekara uku da muka ƙara muna gudu tare, babu wanda ya shigo shagonka ya fita bai ji labarin taku goma sha biyun nan ba. Har wanda ya zo sayen batir.

Jinina ya sauka, tumbina ya ragu, na koyi cika alƙawari, ko da ba kullum ba. Amma ba wannan ne babban abin da na samu ba. Na zauna kusa da mutumin da aka karɓe wa abin da yake ci da shi, ya yi baƙin cikinsa har ya gama, sannan ya tashi ya zama mafi yawan dariya a layinmu.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai a zaman makoki. Rana ta uku wata mata ta shigo riƙe da hannun mijinta, wani tsohon direba da ciwon suga ya makantar. Babu wanda ya san su sai maiɗakinka. Ta ce gidansu yana kan hanyar filin ƙwallo, mijinta ya shekara huɗu bai taka waje ba, sai dai kullum yana jin wucewarmu ta taga, yana jin ina cewa rami kana cewa saura ashirin. Ashe labarinsa ya iso maka, ka sa maiɗakinka tana kai ka wurinsa duk Lahadi da yamma har wata shida, kuna hira, ba ka taɓa gaya mini ba. Fitowarsa ta farko ke nan, ya ce ba zai iya zama a ɗaki ana karɓar gaisuwarka ba. Da za su tafi ya riƙe hannuna ya ce ka gaya masa ni mugun jagora ne, amma ina gyaruwa. Na ce masa ya nemi takalmi mai laushi, ina nan tafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta zama idonka ba tare da ta taɓa yi maka gori ba. Ga 'yarka, wadda dabararta ta tashi mutum biyu da takarda ɗaya. Ga ƙannenka da jikokinka, da dukan mutanen layinmu da suka yi rashin maƙwabci. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu tare da ku.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Ka jarrabe shi da idanunsa ya yi haƙuri, Ka musanya masa da abin da ya fi su. Ka gafarta masa kurakuransa kamar yadda yake saurin yafe na mutane. Ka yalwata kabarinsa, Ka cika shi da haske, Ka sa ya buɗe ido a cikin Aljanna ya ga abin da babu idon da ya taɓa gani. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Amin.