Ɗigon da Ya Ware

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a makaranta ɗaya, har ɗalibai suka manta yana da wani suna ban da Malam Ɗigo. Ba mugun mutum ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, illa dai Allah ya jarabce shi da yarda da takarda fiye da bakin mutum. Matarsa takan ce da da hali, da ita ma sai ya auna ta da rula kafin ya aure ta.

Laƙabin daga aikinsa ya samo shi. Ƙarshen kowane zango yakan manna ƙatuwar takarda mai gida-gida a bangon aji. Layin ƙasa kwanakin da ɗalibi ya zo makaranta, layin tsaye makin da ya ci, kowane ɗalibi ɗigo ɗaya. Sai ka ga ɗige-ɗigen sun jeru suna haurawa dama kamar tururuwa a bango. Ya ɗora rula, ya ja layi ta tsakiyarsu, ya juyo yana ƙasaita.

"Kun gani? Mai zuwa shi ke ci. Ba ni na faɗa ba, takarda ce."

In aka ce to ɗigon da ya yi nisa da sauran fa, amsarsa ɗaya ce: "Kuskure ne. Ko an rubuta ba daidai ba, ko an yi maguɗi."

A shekararsa ta tara da fara aiki, wani ɗigo ya fito can sama ta hagu, shi kaɗai: fashi kwana arba'in da biyu, maki casa'in da huɗu. Na wata yarinya ce 'yar bencin baya, wadda ake kira Shiru-shiru. A makon ne kuma shugaban makaranta ya nemi sunayen ɗalibai uku da za a tura jarabawar neman gurbin karatu kyauta, kuma kowa ya san in ba ta wannan ƙofar ba, karatun yarinyar ya zo ƙarshe.

Malam bai kira ta ba. Jan biro ya ɗauka ya zagaye ɗigon a gaban aji, ya rubuta "satar amsa" a gefe, ya kai sunayen wasu. Zango na gaba gurbinta babu kowa. Ya ce ai dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ya ci gaba da darasinsa. Abin haushin ke nan, hankalinsa kwance ya yi abin.

Shekaru suka yi ta kawo masa irin wannan ɗigon. Wasu daga cikin ɗaliban ya sa musu ido da kansa a ɗakin jarabawa, suka sake ci a gabansa. Tun yana kawar da kai har abin ya fara cin ransa. Daga baya ya canza karatu, yana cewa, "In ɗigo ya ware, ku bi shi ku ji dalilinsa." Ɗalibai suka ɗauka tsufa ne ya sanyaya shi. Ya nemi yarinyar sau biyu, aka ce sun tashi daga unguwar.

Bayan ya yi ritaya, wata safiya yana zaune a layin masu hawan jini a asibiti, sai wata mai goge-goge ta ajiye bokitinta ta durƙusa.

"Malam, ina kwana? Ba ka gane ni ba ko?"

Ya gane ta. Shiru-shiru ce. Da ƙyar ya amsa gaisuwar.

"'Yar nan, kwanakin nan da kika yi fashi, ina kike zuwa?"

"Nan nake zuwa, Malam. Wancan ɗakin na ƙarshe. Mahaifiyata nake jinya, littafin lissafi a cinyata. Da ta rasu ne suka ɗauke ni aiki."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ai ba a tambaye ni ba."

Ya fara haɗa kalmomin neman gafara, ta tare shi.

"Haba Malam, wannan ya wuce tuntuni. Abu ɗaya dai nake so in ji. Da na ga jan biron nan, sai na fara tunanin ko dama ban iya ba, dace na yi. Amsoshin nan nawa, daidai ne?"

"Daidai ne," in ji shi. "Ban taɓa koyar da wanda ya kai ki ba."

Ta goge ido da gefen mayafinta.

"To alhamdu lillahi. Ɗan ɗaga ƙafarka, Malam, in goge wurin."